Mustang mai fatar alminiyam: yadda na rufe ƙaramin jirgi sau biyu kafin ya yi kama da na gaske

Ranar da na manna falle na ƙarshe a jikin jirgin, na fito da shi tsakar gida da hantsi. Da rana ta doke shi sai da na kare ido da hannu. Tun daga hanci har wutsiya sheƙi yake yi kamar kwanukan jeren amarya. Ɗan ƙanwata, wanda ya kwashe makonni yana miƙo mini reza da auduga, ya zagaya shi sau biyu, ya ɗaga kai ya dubi tsohon hoton da na liƙa a bangon ɗakin aiki, ya ce, "Kawu, wannan ai ya fi na cikin hoton kyau." A lokacin har kaina ya ɗan kumbura. Sai bayan kwana uku na gane cewa yaron, ba da saninsa ba, ya faɗi ainihin laifin aikin. Na yi niyyar kwaikwayon jirgin da ke hoton, na ɓuge da ƙera wani abu dabam.

Jirgin da ake magana shi ne P-51D Mustang, jirgin yaƙin Amurka da kamfanin North American Aviation ya ƙera. Samfurin farko na Mustang ya tashi a watan Oktoba na 1940, nau'in D mai rumfar gilashi kamar kumfa kuma ya bazu a fagen daga a 1944. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 11.28 ne, tsawonsa mita 9.83. Nawa kashi ɗaya cikin bakwai ne na wannan, wato faɗi mita 1.61, tsawo mita 1.40. Da itacen balsa da siririn filawud aka haɗa ƙashinsa, injin lantarki ne a hancinsa, da rimot ake tuƙa shi. Haɗa katakon bai ba ni wahala ba. Fatar ce ta sha ni.

Me ya sa jirgin yaƙi zai fita ba fenti?

Wannan tambaya ce da ya kamata in yi tun kafin in yanka falle ko ɗaya, amma ban yi ba. Daga ƙarshen 1943 rundunar sojan saman Amurka ta fara karɓar jirage daga masana'anta ba tare da fentin ɓad-da-kama ba. Fenti yana da nauyi, yana cin lokacin ma'aikata, kuma a wannan mataki na yaƙin ɓuya ba ta dame su kamar da ba. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne irin ƙarfen da ake rufe jiragen da shi, wanda ake kira Alclad. Kamfanin Alcoa ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1920. Falle ne mai hawa uku: a tsakiya gamin alminiyam da jan ƙarfe, mai ƙarfi amma mai saurin cinyewa, sai aka lulluɓe shi ciki da waje da tsantsar alminiyam, kusan kashi 5 cikin ɗari na kaurin fallen a kowane ɓangare. Wannan siririyar riga ita ce ke kare shi, ita ce kuma ke ɗaukar sheƙi idan an goge.

To, kalmar ita ce "idan an goge". A sansanin yaƙi babu mai lokacin zama da tsumma yana goge jirgi har ya ga fuskarsa. Jiragen da ke ɗaukar ido kamar madubi su ne waɗanda attajirai suka gyara bayan shekaru, ake kai su wuraren baje kolin jirage. Irin waɗannan bidiyoyi na cika kaina da su, hoton bango kuwa na mai da shi ado.

Abin da ke ƙarƙashi

Kafin ƙarfe ya hau, sai an shirya masa shimfiɗa. Na rufe balsar duka da siririn ƙyallen zaren gilashi, mai nauyin kusan giram 25 a murabba'in mita, na shafe shi da ruwan ifoksi, wani gam da ke bushewa ya yi tauri, na bari ya bushe, na bi da samfefa mai lamba 240, sannan 400. Na fesa fentin ƙasa mai ruwan toka. A idona komai ya yi sumul.

Akwai wani dattijo mai gyaran jikin mota a bayan unguwarmu, a wajensa nake sayen ragowar fenti. Na kai masa gangar jikin don ya sa albarka. Bai ko kalle ta ba, rufe ido ya yi ya bi ta da tafin hannu daga hanci zuwa wutsiya. Ya ce, "Ɗana, me za ka sa a kai?" Na ce, "Alminiyam, Baba." Ya ce, "Sanholo? To ba ka gama ba. Fenti rufin asiri yake yi, ƙarfe tonawa yake." Ya ɗauko gwangwanin baƙin fenti ya tsaya nesa ya yi mata feshi sama-sama, kamar yayyafi, ya ba ni samfefa 600 a naɗe jikin katako da bokitin ruwa. Duk inda samfefar ta taɓa baƙin ya tafi, duk inda ke da lotsawa baƙin ya zauna. Cikin minti goma jikin da nake taƙama da shi ya zama kamar zabuwa. Sau uku na cike, na goge, na sake feshin kafin ɗigon ya ƙare.

Maganarsa ta tabbata tun a fallen gwaji. Na yi aikin ne cikin hunturu, lokacin da hazo ke shigowa ta kowace kafa. Ƙwayar ƙura guda, wadda ido ba ya gani a kan fenti, idan ta shiga ƙarƙashin alminiyam aka danne, sai ta taso kamar ƙurji, haske kuma ya yi mata zobe. Gashin gira ɗaya ya taɓa faɗa mini, ya fito kamar jijiya. Daga nan na koma yin manni da asuba kafin iska ta tashi, in yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in kashe fanka, in goge wurin da za a manna da tsumma mai ɗan danshin sifirit, sannan in bi da bayan hannu.

Alminiyam iri uku da lissafin nauyi

A ƙasashen da wannan sana'ar hannu ta yi ƙarfi akwai kayan da aka yi musamman domin ta, irin su Bare-Metal Foil na ƙananan jiragen roba da ake ajiyewa a kanta, da Flite-Metal na manya masu tashi. Ni abin da kasuwa ta ba ni na duba, na samu iri uku.

Na farko takardar alminiyam ta kicin, wadda ake naɗe kifi da ita a gasa. Kaurinta wajen milimita 0.016 ne. Alminiyam yana da nauyin giram 2.7 a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi, saboda haka murabba'in mita na wannan takarda bai wuce giram 43 ba. Ba ta da nauyi, amma sai ka shafa mata gam da kanka, kuma duk sawun burushin gam sai ya fito a sama. A jirgi mai faɗin taku biyu da za a riƙa ɗauka ana sa wa a mota, ba za ta kai mako ba ta yage.

Na biyu tef ɗin alminiyam da masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ke naɗe bututu da shi. Wanda na samu kaurin ƙarfensa milimita 0.05 ne, wato giram 135 a murabba'in mita, da gam ɗinsa ya tasam ma 180. Yana zuwa da takarda a baya, yana yankuwa da reza, yana ɗan miƙewa. Aibinsa faɗi: wanda ya fi kowanne faɗi da na samu santimita 10 ne, amma a ma'aunin kashi ɗaya cikin bakwai yawancin fallayen Mustang ba su wuce haka ba.

Na uku shi ne wanda ya fi burge ni, farantin ɗab'i. Yawancin maɗaba'un da ke aiki da injin ofset suna ɗora rubutu a kan siririn farantin alminiyam, idan an gama bugu a jefar da shi gefe a sayar wa 'yan gwangwan. Masu ƙera ƙananan jirage a Ingila sun daɗe suna amfani da shi. Ƙananan injuna suna cin mai kaurin milimita 0.15, manya kuma 0.30. Wani mai maɗaba'a ya ba ni guda shida kyauta, yana dariya, ya ce, "Malam, in dai jirgin ya tashi a zo a ɗauke ni zuwa Makka." Fuskar da ke ɗauke da rubutu toka-toka ce mai kaushi, bayan ne mai santsi, shi ake juyowa waje. Har yau a cikin hancin jirgina akwai kalandar wata shekara da ta wuce, tana kallon batir. Sai dai nauyi: na 0.15 giram 405 ne a murabba'in mita. Fatar jirgin gaba ɗaya, da na auna, ta kai wajen murabba'in mita 1.6. Rufe ta da faranti zai ƙara kusan giram 650 kafin a sa gam, a jirgin da bai kamata ya haura kilo huɗu ba. Na yanke shawara: tef a ko'ina, faranti a wuraren da ke da lanƙwasa mai wuya da wuraren da hannu ke yawan taɓawa.

Yadda falle ke hawa

Ba a rufe jirgi da alminiyam kamar yadda ake naɗe kyauta. Falle-falle ake yi, kowanne a inda na gaske yake. Na zana layukan fallayen a jikin fentin ƙasa da fensir, daga zanen jirgin. Ana farawa daga wutsiya a yo gaba, daga ƙasa a yo sama, yadda bakin kowane falle zai kalli baya, iska ba ta samu abin ɗagawa ba. Sai in kewaye wurin da tef ɗin takarda, in yanko alminiyam da ya ɗan fi wurin girma, in ɗora tsakiyarsa kawai, in fara lallashinsa da yatsa daga tsakiya zuwa baki. Bayan yatsa sai guntun balsa mai laushi da na fiƙe kamar harshe. In ya kwanta, in bi gefen tef ɗin takardar da sabuwar reza, in ɗaga tef ɗin ya tafi da rarar. Reza ɗaya ba ta wuce falle huɗu ko biyar, daga nan sai ta fara jan ƙarfen maimakon yanka shi.

Darasin da ya fi cin mini kaya shi ne wannan: alminiyam yana miƙewa, amma ba ya tsukewa. A gefen gangar jiki, inda lanƙwasar hanya ɗaya ce kamar jikin gwangwani, ba matsala. Amma a ƙarƙashin hanci, da bakin rumbun shaƙar iska da ke ƙarƙashin cikin Mustang, da mahaɗar fiffike da jiki, lanƙwasar ta kowane ɓangare ce kamar bayan ƙwarya. In ka fara manna baki, rarar ƙarfen ba ta da wurin zuwa, sai ta tattare, kuma tattarar alminiyam ba ta goguwa har abada. Dole ka fara daga wuri mafi tudu, ka riƙa jan fallen yana miƙewa yana sauka. In lanƙwasar ta fi ƙarfinsa, ka raba fallen biyu. Kuma duk lokacin da ka murza shi yana ƙara tauri, saboda haka dama biyu ko uku kawai gare ka kafin ya ƙi ji.

A nan farantin ɗab'i ya shigo. Yadda yake fitowa daga maɗaba'a yana da tauri kamar gwangwanin madara, sai an tausasa shi da wuta. Na wanke tawadar da tina, na goga sabulun wanki na sanda a jikinsa, na bi shi da harshen wutar gas a hankali, ina yawo da ita. Da sabulun ya koma baƙi an kai zafin da ake so, wajen digiri 400. Alminiyam yana narkewa a 660, kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ya gargaɗe ka. Kana cikin kallo sai ka ga rami. Faranti guda cur na ƙona kafin hannuna ya koyi tafiya. Wanda ya tausasa kuwa, har da yatsa ana lanƙwasa shi. Na ɗora shi a kan tsohon silifa na soso, na riƙa murza shi da bayan cokali, zagaye-zagaye, har ya yi ƙoƙo daidai mahaɗar fiffike. In ya fara tauri a mayar da shi wuta. Gam ɗin masu gyaran takalmi na manna shi da shi, a shafa ɓangare biyu, a bari ya sha iska, a haɗa. Wannan gam ba ya yafiya, inda ya taɓa nan ya zauna.

Ƙusoshin jikin Mustang irin masu shafaffen kai ne da ke nutsewa daidai da fata. A ma'aunina kan kowace bai kai milimita ɗaya ba, tazararsu kuma wajen milimita uku da rabi. Na yanke bakin allurar sirinji mai kauri, na goge shi ya zama zobe, na dasa a jikin katako. A ɗora, a ɗan murza, a ɗaga. In an danna da ƙarfi sai a huda. Na yi dare goma sha ina wannan, rediyo na yi mini hira. Daga nan na shafe jirgin duka da man goge ƙarfe na Autosol na goge. Man goge alminiyam yana barin baƙin dauɗa mai maiƙo, kuma abin da ke ɗauke ta tas shi ne garin fulawa a kan tsumma. Uwargida ta ga ina ɗibar fulawarta zuwa ɗakin aiki, ta ce, "Malam, jirgin kuma cincin zai ci?"

Kwana uku, matsala uku

Washegarin ranar da na fito da shi rana, na haɗa komai, na sa batir, na ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wurin da zanen ya ce nauyinsa ya daidaita. Wutsiya ta faɗi ƙasa kamar an ja ta. Kafin in sa fata daidai yake. Lissafin da ban yi ba ga shi: fukafukan wutsiya, sama da ƙasa, hagu da dama, sun kai kusan rubu'in murabba'in mita, wato giram 40 da ɗoriya na tef. Daga madaidaicin nauyi zuwa wutsiya wajen santimita 85 ne, zuwa inda zan iya cusa dalma a hanci kuwa bai fi 33 ba. Kowane giram a baya yana neman biyu da rabi a gaba. Sai da na zuba dalma fiye da giram 100 saboda wutsiya kaɗai, ban da abin da bayan gangar jiki ya ja. Jirgi mai nauyin baya kuwa ba a gwada sa'a da shi, tashi ɗaya yake yi.

Rana ta biyu na yi gwajin nisan rimot. Ana rage ƙarfin rimot ɗin, a ja da baya taku 30, a ga ko jirgin yana amsawa ta kowace fuska. Ɗan ƙanwata ya riƙe jirgin yana juya shi. Ban kai taku goma sha biyu ba fukafukan suka fara karkarwa, da ya juyo mini da cikin jirgin sai suka tsaya cak. Dalili a fili yake, ni ne ban duba ba. Rimot na zamani yana aiki a kan zangon gigahaz 2.4, eriyar da ke cikin jirgin kuma ɗan guntun waya ce mai tsawon kusan milimita 31. Na ɗauki wannan 'yar waya na kulle ta cikin akwatin ƙarfe, sama ƙarfe, ƙasa fiffiken ƙarfe. Saƙo ta ina zai shiga?

Rana ta uku ban taɓa jirgin ba. Na zauna na ciro hoton bango, na nemo wasu hotunan lokacin yaƙi masu kyau, na ƙura musu ido. Abin da na gani ya ba ni kunya. A duk hotunan fiffiken launi ɗaya ne, shafaffe, ba layin falle, ba ƙusa, ba sheƙi, alhali gangar jiki tana da fallaye masu haske daban-daban. Ashe fiffiken Mustang ba tsiraicin ƙarfe ba ne. An tsara shi ne yadda iska za ta bi samansa sumul ba tare da ta hargitse ba, saboda haka tun a masana'anta ake cike layuka da kan ƙusoshi na sashen gaba, a goge, a fesa masa fenti mai ruwan azurfa. Abin juya akalar jirgi da ke tsaye a wutsiya kuwa ba ma ƙarfe ba ne a waje, ƙyalle ne aka ɗame aka shafe da fenti. Gaban matuƙi, a saman hanci, akwai fenti kore mai duhu mara sheƙi don kada hasken rana ya kashe masa ido. Fallen da ke kewaye da bututun hayaƙi kuma baƙin ƙarfe ne mara tsatsa, ya fi sauran duhu. Wato dare biyar daga cikin dararen da na yi ina huda ƙusoshi, a kan fiffiken da bai kamata a ga ƙusa ko ɗaya a gabansa ba na yi su.

Gyara

Cikin waɗannan hotuna na ci karo da jiragen runduna ta 332, matuƙan nan baƙaƙen fata na Amurka da aka horar a Tuskegee, waɗanda suka yi aiki daga sansanin Ramitelli a Italiya, suka karɓi Mustang a tsakiyar 1944. Alamarsu ita ce wutsiya ja wur, gaba ɗayanta, da jan hanci. Ina ganin haka na san na samu mafita. Wutsiyar da za a yi wa jan fenti me za ta yi da alminiyam a ƙarƙashi?

Na ɗauko na'urar busar da gashi na ɗumama tef ɗin fiffike da na wutsiya, na ɓare shi falle-falle. Ragowar gam ta fita da kananzir, na wanke da ruwan sabulu, na sake bi da samfefa 600. A nan na gode wa ƙyallen zaren gilashin, don ba don shi ba da balsar ta biyo tef ɗin. Fiffike ya sha fentin azurfa na mota, wutsiya ta sha ja. Alminiyam ya rage a gangar jiki da ƙananan sassan bayan fiffike masu motsi. Tef ɗin fiffike kusan giram 150, na wutsiya 40 da ɗoriya, dalmar da ta biyo su fiye da 100: ko da aka cire nauyin sabon fentin, jirgin ya sauke kusan rubu'in kilo.

Eriya biyu gare shi. Ɗaya na fito da ita ta cikin fiffike, wanda yanzu itace ne da fenti, ɗaya kuma na tsayar da ita a bayan kujerar matuƙi, ƙarƙashin rumfar roba, yadda su biyun suka yi kusurwa da juna. Gwajin taku 30 ya wuce ta kowace fuska, har na ƙara goma don zuciyata ta kwanta.

Saura sheƙin. Wannan ne ya fi mini ciwo, domin da hannuna na kashe abin da na yi mako ina gogewa. Na kewaye kowane falle da tef ɗin takarda, na bi shi da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, shafa ɗaya zuwa hanya ɗaya. Wannan falle a tsaye, na kusa da shi a kwance, na gaba a karkace, wani kuma in bar shi da ɗan sheƙinsa. Ƙarfe ɗaya ne, amma da yake haske yana bin sawun soson, sai kowane falle ya ɗauki launinsa, in ka matsa gefe kuma su yi musanya, mai haske ya yi duhu, mai duhu ya yi haske. Wannan shi ne abin da ke cikin hoton bango, kuma shi ne abin da fentin azurfa ba ya iya yi ko na wane kamfani ne. Baƙar dauɗar man gogewa da ta maƙale a layuka da zoben ƙusoshi ban cire ta duka ba, ita ta fito da su.

Fallen bututun hayaƙi na yi masa wata dabara da masu wannan aiki suka daɗe da sani. Na tafasa takardar alminiyam ta kicin da ɓawon ƙwai a tsohuwar tukunya, kusan minti ashirin. Ta fito da launin toka mai ratsin ruwan ƙasa, kamar ƙarfen da ya sha wuta. Na zaɓi wurin da ya fi kyau na yanka, na manna a kan tef ɗin da ke wurin.

Fenti a kan alminiyam ya ba ni ɗan ciwon kai. Koren saman hanci na fesa shi kai tsaye a karon farko, da na zo ɗaga tef ɗin takarda sai ya biyo shi kamar ɓawon albasa, ƙarfen ya yi santsi da yawa, ga maiƙon man gogewa. Na wanke da tina, na karce wurin da soso, na sa siririn fentin ƙasa irin mai cin ƙarfe, sannan kore. Tef ɗin takarda kuma tun daga ranar sai na manna shi a jikin wandona sau biyu ya rage danƙo kafin ya hau jirgi, don ya taɓa ɗago mini bakin falle. Na gwada fenti mai garai-garai a kan guntun gwaji don in ga ko zai kare ƙarfen daga sawun yatsa. Ya kare, amma ya mai da shi kamar roba, bambancin fallayen ya dushe. Na bar jikin haka nan tsirara, in ya yi dauɗa in goge.

Ya tashi a wani fili can bayan gari, nesa da filin jirgi da wayoyin lantarki, da sassafe. Nauyinsa kilo 3.7 da batir. A sama, in ya juya, gangar jikin takan yi wal sau ɗaya ta ɗauke, fiffiken kuma ya zauna da launinsa, jar wutsiyar ce ke nuna mini inda ya dosa. Da na bar shi madubi gaba ɗaya, ina zaton da ya riƙa ɓace mini cikin hasken sama, domin launin sararin yake ɗauka.

Abu ɗaya ya rage ban shawo kansa ba. Da bazara ta shigo na bar shi cikin mota rabin awa da tsakar rana. Gam ɗin tef ya yi laushi, fallaye biyu a bayan rumfar matuƙi suka ɗaga baki, wani kuma ya yi kumburi inda iska ta maƙale a ƙarƙashi. Kumburin na huda shi da allura a cikin zoben ƙusa na danne, bai nuna ba. Fallaye biyun kuwa sau uku ina kwantar da su suna tashi. Sassan da na yi da farantin ɗab'i ko gezau ba su yi ba. Cikin shidan da aka ba ni saura faranti biyu a bayan ƙofa, na riga na shafa wa ɗaya sabulu.